Gargaɗi Game da Filayar Matse Kan Waya

Wanda duk ya bi ta Briqueterie ya zarce zuwa Elig-Edzoa, ya ga rumfunan masu gyaran rediyo da fanka, da samarin da ke ɗaura wa motoci da baburan haya waya, zai tabbata cewa abincin gidaje da yawa na 'yan'uwanmu a Yawunde yana rataye ne a jikin siririyar wayar jan ƙarfe. Amma kaɗan ne daga ma'abota sana'ar suka tsaya suka yi nazarin inda wayar take ƙarewa, wato ɗan ƙarfen da ake matsewa a bakinta domin ta shiga soket, alhali kuwa daga nan ne galibin fitina take tsirowa.

Sababin abin ba ɓoyayye ba ne. Idan matsin bai kama ba, wuta tana shan wahalar ratsa wurin, wahalar ta haifi zafi, zafin ya sassauta ƙarfen ya ja masa tsatsa, tsatsar kuma ta ƙara wahalar, har roba ta narke; laimar garin nan mai damina biyu a shekara kuwa ba abin da take yi sai gaggauta lamarin.

Babu waɗanda suka san wannan mas'ala kamar masu gyaran na'urar wasan ƙwallon ƙarfe da Faransawa ke kira flipper, wadda kamfanonin Williams da Bally da Gottlieb suka yi ta ƙerawa a yankin Chicago ta Amurka. Ƙananan fitilun da ke haskaka ta volt 6.3 kacal suke ci, amma da yake suna da yawa, kuma wuni suke yi a kunne, sai a tarar soket ɗinsu, mai tazarar milimita 3.96 tsakanin ƙafa da ƙafa, ya ƙone ya yi baƙi, domin a masana'anta cusa wayar kawai aka yi cikin tsagar ƙarfe. Bayan Williams ya daina ƙera na'urar a 1999, masu riƙe da tsofaffin suka haɗu a kan magani guda: a yanke tsohon kan, a matse sabo irin na Molex mai suna Trifurcon, wanda yake kama ƙafar ta fuska uku. To, in volt 6 ya isa ya ƙone soket, babu hujjar raina 12 na batirin mota, balle 220 na wutar gida, domin yawan wutar da ke ratsawa shi ke kawo zafi.

Amma zaɓen filayar matse kan, wadda a kanti ake tambaya da sunan pince à sertir, sharaɗinsa na farko shi ne mutum ya san irin kan da zai matse. Akwai mai rigar roba, wanda launinsa ke faɗin kaurin wayarsa: ja daga 0.5 zuwa 1.5 na murabba'in milimita, shuɗi zuwa 2.5, rawaya daga 4 zuwa 6. Akwai kuma buɗaɗɗe mai fukafukai huɗu, biyu na rungumar jan ƙarfen, biyu na riƙe robar, irin wanda ya cika motoci da flipper. Wannan yana buƙatar filaya mai baki da kwari biyu, wadda za ta nannaɗe fukafukan ciki su nutse a wayar, su yi surar harafin B. Filayar gida, da 'yar falalen nan mai araha da ake haɗawa da akwatin kawuna, baje ƙarfe kawai suke yi, a ga aiki kamar ya yi kyau, cikinsa kuwa fanko. Ni dai a ra'ayina mai haƙorin kulle ta fi, wadda ba ta sakin kan sai matsi ya cika, saboda tana rufe wa mai gaggawa ƙofar gafala. Wajibi ne mai saye ya tafi kasuwa da kai da guntun waya a aljihu, ya matse a gaban mai kanti, ya ja da ƙarfi. In ta zare, ya ajiye. In lambar AWG aka rubuta a bakinta, a sani lamba mafi girma ita ce waya mafi siranta, wato 22 ba ta kai 18 kauri ba.

Wasu sukan rufe aibin matsinsu da dalma, su ɗauka ihsani ne. Dalma tana bin silin waya ta sandarar da ita, girgizar hanya ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya. Don haka ne ma kamfanin AMP, da aka kafa a 1941, ya shahara da kawunan da ba su buƙatar dalma saboda jiragen sama da na ruwa. Ga kuma wayar algus, alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe, wadda in an kankare ta da wuƙa fari ke bayyana. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta ɓoye aibin haja, aibin da ke cikin soket kuwa mai kaya ba ya da ikon ganinsa, amana ce tsantsa a wuyan mai gyara.

Mai gida ko direban da ya ji warin roba, ko ya ga fitila na ƙyaftawa in an taɓa waya, ya kashe wuta ya duba soket. In launinsa ya koma ruwan ƙasa, a sauya kan da ƙafar da yake shiga gaba ɗaya, domin sabon kai a kan ƙonanniyar ƙafa ba ya daɗewa shi ma zai ƙone.