Hirar Fim Ma Atisayen Jarrabawa Ce

Ɗaliban Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya masu shirin JAMB, ko jarrabawar ɗaukar aiki, ku sani ba hadda kaɗai ake aunawa ba. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Ingilishi, kuma a cikinsu akwai inda za a ba ka rubutu a ce ka zaɓi abin da ya tabbatar. Nan da yawa ke zamewa, su zaɓi amsar da ta yi musu daɗin ji. Atisayen wannan ba sai da kuɗi ba, hirar fim da ake yi a majalisa ta isa.

Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, a kaset aka riƙa sayar da fim ɗin Hausa, daga baya faifan CD, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyar cinikin a wancan lokaci. Yau kasuwar faifai ta mutu. Sai wani ya ce, "Ka gani? An daina kallon fim ɗin Hausa." Tambayi kanka, me ya ɗauka bai faɗa ba? Ya ɗauka faifai ne kaɗai hanyar kallo. Farin jinin shirye-shiryen Labarina da Izzar So ya rushe maganarsa, domin masu kallo waya da talabijin suka koma.

Wani kuma zai duba alƙaluman YouTube ya ce mutanen karkara ba sa kallo. To, leƙa shagon mai caji da tura fim. Sau ɗaya ya sauke shirin, ya yini yana tura wa mutane a memori. Da dare matan gida da yara su kewaye waya guda a tsakar gida. Duk wannan jama'a, YouTube kallo ɗaya ta ƙirga. Kafin ka yarda da adadi, bincika wa aka ƙirga, wa aka bari.

Wani tarkon kuma shi ne na sanadi. An buɗe tashar Arewa24 a 2014, cinikin faifai ya ci gaba da faɗuwa. Ita ce ta jawo? Zuwan abu biyu a jere ba ya nuna na farko ne sanadin na biyu. Akwai satar fasaha, da yawaitar wayoyi, da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa.

Ka kuma kula da "duk" da "wasu". In rubutu ya ce wasu matasa sun fi son shiri mai dogon zango, amsar da ta ce duk matasa ta wuce gona da iri.

Malamai, ku riƙa kawo irin waɗannan maganganu aji sau ɗaya a mako, ɗalibai su fito da hujja, da hukunci, da giɓin da ke tsakaninsu. Ɗalibi kuma, ka sa agogo a gabanka, domin a JAMB kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta.