Jirgin Ƙasa a Tafin Hannu

A shekarar 1972, a wajen baje kolin kayan wasa na birnin Nuremberg a Jamus, kamfanin Märklin ya fito da wani jirgin ƙasa da za ka iya ɗora kansa a tafin hannu ka dunƙule. Ba abin ado ba ne kawai, domin yana gudu da lantarki, yana jan taragai, yana tsayawa a tasha. Suka raɗa wa wannan awo suna Z, harafin ƙarshe na boko, don a ganinsu ba mai iya ƙera wanda ya fi shi ƙanƙanta.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane sashe na jirgin gaske an rage shi sau 220. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo a yawancin Turai milimita 1,435 ce. Idan ka raba da 220, sai ta dawo milimita 6.5, wato kaurin fensir ma ya ɗara ta. Kafin nan, masu tara waɗannan jirage sun saba da awon HO, wanda aka rage sau 87, da kuma awon N, sau 160. Amfanin Z shi ne wuri. Mai zama a ɗaki ɗaya zai iya shimfiɗa layin dogo da gada da rami cikin dutse a cikin jakar hannu, ya rufe, ya tura ƙarƙashin gado.

Sai dai ƙanƙanta na da farashinta. Idan tsawo ya ragu sau 220, faɗi da tsayi ma haka suke raguwa, don haka cikin jirgin yakan ragu fiye da sau miliyan goma. Nauyi ya tafi ke nan. Jirgin gaske da nauyinsa yake danne dogo har ƙafafunsa su kama. Shi kuwa ɗan ƙaramin, ta ƙafafun nan yake shan wuta daga ƙarafan, kuma ba shi da nauyin da zai murƙushe datti. Ƙwayar ƙura ɗaya, ko maiƙon yatsa, ya isa ya tsayar da shi cak. Shi ya sa mai wannan sha'awa ba ya rabuwa da tsumman goge dogo, da hantsaki, da gilashin ƙara girma. Ɗora tarago a kan layi ma sai da ɗan magangarin roba, domin yatsa ya yi masa kauri.

Hasashen masu sunan Z bai tabbata ba. A 2006 kamfanin Eishindo na Japan ya nuna awon T, wanda aka rage sau 450, tazarar dogonsa milimita 3 kacal. Matsalar nauyi kuwa da maganaɗisu suka magance ta: ƙafafun jirgin na manne wa ƙarfen dogo, sai maganaɗisu ya yi aikin da nauyi ya kasa.

Me mai tarawa yake nema? Wani jiragen ƙasa guda yake bi, wani na zamani guda, wani kuma na kamfani ɗaya. Suna adana akwatin asali kamar yadda suke adana jirgin, domin rashinsa na karya daraja. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da sha'awar ke koya wa mai ita. Wanda ya shafe awa guda sunkuye yana neman silin gashin da ya naɗe a ƙafar jirgi, ya san cewa inji ba ya tafiya da girmansa. Da kulawa yake tafiya, ko na tafin hannu ne, ko mai jan taragai daga Legas zuwa Kano.