RAMA A BAYAN GIDA: ABINCI DA IGIYA BA TARE DA GUBA BA

Wannan takarda ta masu gida ce da matan aure na ƙasar Gaya da ta Ajingi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida.

Kai mai gida, ka san rama, gama da ƙyar za a zaga ƙauye guda tsakanin Kademi da Toranke ba a ga an shuka ta a gindin danga ko a kan iyakar gona ba. Kakanninmu da ita su ke miya, da ita su ke ɗaure jinka, da ita su ke jan ruwa. Abin da ya sa mu ma'aikatan ɗakin magani mu ke maganarta shi ne, abu uku sun shigo su na mai da wannan tsiro mai amfani hanyar cuta. Na farko feshin maganin ƙwari a kan ganyen da za a ci. Na biyu jiƙa rama a cikin ruwan da jama'a ke sha. Na uku leda da igiyar roba da su ka maye gurbinta. Duk ukun ka na iya kau da su da hannunka, ba sai ka kashe kuɗi ba.

RAMA DABAM, WIWI DABAM

Rama dangin kuɓewa ce da yakuwa da auduga. Dubi furenta: fari ne mai ratsin rawaya, cikinsa ja wur, kamar na kuɓewa. Karanta ya na da 'yan ƙayoyi ƙanana, ganyenta kuwa tsami gare shi. Amma ganyen sama na wata irin rama ya na rabuwa kamar yatsu, har ya yi kama da na tabar wiwi. Ga yadda za ka bambanta su. Yatsun ganyen rama a haɗe su ke daga ƙasa, kamar tafin hannu. Na wiwi kowane ya na fita shi kaɗai daga tsinke, ya na da wari mai ƙarfi, kuma ba ya yin babban fure.

Mai yiwuwa ka ji labari a rediyo cewa a Faransa da Sin da Kanada a na noman wani irin wiwi marar sa maye domin zare da takarda. Gaskiya ne, amma da izinin hukumominsu a ke yi. A Nijeriya doka ta hana shuka wiwi tun dokar 1966, kuma a 1989 a ka kafa hukumar NDLEA domin kama masu yi. Hukuncinsa ɗauri ne mai tsawo. Saboda haka in wani ya kawo maka irin da ba ka sani ba, ya ce ka ɓoye masa cikin ramarka, kada ka yarda, ko da ɗanka ne. Duk zaren da gida ke bukata rama ta na bayarwa, ba kuwa mai tuhumarka a kanta. Ita ma gwamnati ta san darajarta, gama a shekarun 1960 an kafa masana'antun buhu a Jos da Badagiri domin a yi buhunan amfanin gona da zaren rama maimakon wanda a ke sayowa daga ƙasashen waje.

YADDA A KE SHUKA TA

Ka zaɓi wurin da ke samun rana, wanda ruwa ba ya kwanciya. Ƙasarmu galibi rairayi ce, don haka ka zuba takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe. Kada ka shuka a bakin kwatar makewayi, kada kuma ka sa kashin mutum, domin ƙwan tsutsar ciki ya na daɗewa a ƙasa, ya hau ganye, ya koma cikin yaranka.

Ka shuka cikin watan Yuni, sa'ad da damina ta zauna sosai. Zurfin ramin kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Kafin mako guda za ta tsiro. In zare ka ke so, ka shuka ta a matse, domin ta miƙe sama ba rassa. In ganye da iri ka ke so, ka ba ta tazarar taƙi biyu ko uku don ta yi rassa. Cikin wata huɗu ta kan fi mutum tsawo nesa. Kada ka maimaita wuri ɗaya shekara da shekaru, kada kuma ka sa ta inda ka cire kuɓewa ko tumatir, gama akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, mai kumbura saiwarsu duka. Ka bi bayanta da gero ko dawa.

KADA KA YI WA ABINCINKA FESHI

Akwai ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganyen rama. Da wasu su ka ga haka sai su ɗauko ragowar maganin wake, ko fiya-fiya, su fesa, bayan kwana ɗaya ko biyu uwar gida ta tsinko ta yi kwaɗo. Wannan ganganci ne babba. Ganye mai huda ba ya cutar kowa, amma ganye mai guba ya na kisa. Wanki da tafasa ba su isa su tabbatar maka gubar ta fita ba.

Ka tuna abin da ya faru da wakenmu. A 2015 ƙasashen Turai su ka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin sun auna sun sami irin gubar nan ta fiya-fiya a cikinsa fiye da kima. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan guba, irin su Sniper, a kasuwanni da kantuna. Gamalin kuwa tun 2009 ƙasashen duniya su ka yi yarjejeniya a daina amfani da shi a gona. In ka gan su a tire ran kasuwa, ganinsu bai halatta su ba.

Ga abin da za ka yi maimakon haka:

1. Da sassafe, tun da sauran raɓa, ka barbaɗa tokar murhu mai sanyi a kan ganyen. Ka sake in ruwa ya wanke.

2. In ƙwarin sun yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa cikin rabin garwa na ruwa, watau wajen lita 10, su kwana. A tace da tsumma, a yayyafa da yamma. A dakata kwana uku kafin a tsinka, sa'an nan a wanke sosai saboda ɗaci. Ruwan nan na ganye ne, ba na sha ba ne. A kau da shi daga yara.

3. In ramarka ta na kan iyakar gonar wake ko ta auduga da a ka yi wa feshi, ka bar ta ta zama ta igiya. Ta miya ka shuka a gida.

4. Irin baɗi ka busar da shi ƙwarai, ka gauraya da toka, ka zuba cikin kwalba ko gora mai murfi. Ba ya bukatar magani.

IN GUBA TA SHIGA JIKI

Alamunta su ne dalalar yawu, da gumi, da hawaye, da amai, da zawo, da rawar tsoka, da sarƙewar numfashi, ƙwayar ido kuma ta ƙanƙance ƙwarai. In ka ga haka, ka tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, ka wanke masa jiki da sabulu da ruwa mai yawa, ka kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada ka sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara, gama su na iya bi ta hanyar iska su shiga huhu. Nan da nan a nemi mota ko babur a kai shi Babban Asibitin Gaya ko asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar maganin domin likita ya san irin allurar da zai yi. Akwai makarinta, amma sai an zo da wuri. Har wa yau, kwalba ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha, komai wankin da a ka yi mata. A huda ta, a binne nesa da rijiya.

GA UWAR GIDA

Ke uwar gida, daga mako biyar ko shida bayan shuka ki na iya fara tsinkar ganye. Ya na ɗauke da abin da ke taimakon jini da ƙashi, da abin da ke tsare ido daga dundumi. Mace mai ciki da mai goyo su ci su ƙara. Yaron da ya cika wata shida a dama masa mai laushi cikin fate, a ci gaba da ba shi mama.

Ki wanke ganyen da ruwa mai tsabta kafin ki yanka. In tsami ya yi yawa ki tafasa kaɗan ki zubar da ruwan fari, amma kada ki bar shi a wuta har ya narke, kada kuma ki cika kanwa, domin dogon dahuwa da kanwa su na kashe amfaninsa. Ki sa ɗan man gyaɗa ko ƙuliƙuli, gama sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukar abin nan mai gyara ido. A tabbata gyaɗar ba mai fumfuna ba ce, don ruɓaɓɓiyar gyaɗa ta na lalata hanta.

Kwaɗo da hannu a ke haɗa shi, da sanyinsa kuma a ke ci. To, ki wanke hannu da sabulu tukuna, ki rufe kwanon da faifai saboda ƙuda, a cinye a ranar. Ganyen da za ki ajiye don rani ki shanya shi a kan tabarma a inuwa, inda kaji da awaki ba sa kai baki.

JIƘA RAMA

Zare ya fi kyau in an yanke ramar sa'ad da ta fara fure, wajen Satumba zuwa Oktoba. Al'ada ita ce a ɗaure dami-dami a jefa cikin kududdufi, a danne da dutse har ɓawon ya ruɓe. A nan ne cuta ta biyu ta ke.

Ruwan da rama ta ruɓe a ciki ya kan yi baƙi, ya yi ɗoyi, kifi ya mutu, dabba ma ta ƙi sha. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya ɓata wa unguwa duka ruwanta saboda igiyarsa. Banda wannan, wanda ya tsaya cikin kududdufi ya na wanke zare ya miƙa kansa ga tsargiya. Tsutsarta ta na girma cikin 'yan ƙananan katantanwa na ruwan kwance, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, bayan 'yan watanni ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Kurkunu dai mun rabu da shi, gama a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijeriya. Amma tsargiya ta na nan a tafkunanmu da fadamun Kogin Haɗejiya. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai ƙwayar maganinsa. A kawo yaron mu gani.

Hanyar da ta fi ita ce wannan. Ka sale ɓawon tun karan ya na ɗanye. In ɗaurin danga ko na dami ka ke so, ka shanya shi haka nan, ya isa, ba sai an jiƙa ba. In farin zare mai laushi ka ke so, ka naɗe ɓawon kaɗai ka sa cikin rabin duro, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba, ko cikin ramin da ka haƙa don haka. Ɓawo ba ya cin ruwa kamar dami. Wurin ya yi nisan taku 40 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare. Ka rufe bakinsa da kyau, saboda sauro kada ya yi ƙwai, saboda yara kuma kada su faɗa. Daga mako guda ka riƙa dubawa; galibi ba ya wuce mako biyu. Da zaren ya fara rabuwa a yatsa sai ka tsame, ka wanke, ka shanya. In ya wuce lokaci, igiyar ba ta ƙarko. Ruwan ka zubar a kan tarin taki, ka cike ramin.

IGIYA DA KARA

Da zaren nan za ka tufka igiyar guga, da ragaya, da talalar akuya, da dabaibayin jaki. Gaskiya ne igiyar roba ta fi daɗewa cikin ruwa. Amma in ta tsufa sai ta marmashe, gutsattsarinta su faɗa rijiya, awaki su haɗiye ta tare da leda, ta cushe musu tumbi, su yi ta rama su na ci ba sa ƙiba. Ta rama in ta ƙare sai ta koma ƙasa, ka kuwa tufka wata ba da ko kwabo ba. Ko wace iri ce, a kafa itace mai gwafa a bakin rijiya a riƙa rataye guga da igiyarsa, kada a bar su cikin taɓo inda ƙafa da kashin dabba ke bi.

Fararen karan da su ka rage kada ka yar. Su na kama wuta nan take. Uwar gida ta riƙa hura murhu da su, ta bar ƙona leda da tsohon takalmin roba, domin hayaƙinsu guba ne ga ƙirjinta da na ɗan da ke bayanta.

In akwai abin da bai fito maka sarai ba a cikin wannan takarda, ka tambayi malamin gona a kan shuka, ka tambayi duba-gari a kan wurin haƙa ramin jiƙo, ka zo ɗakin magani a kan ciwo. Masu unguwa da dagatai kuma su taimaka su tsawatar a bar jefa rama cikin ruwan sha. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka da lafiyar cin amfaninta, amin.