Tsohuwar A-Kori-Kura: Ina Za A Samo Kayan Gyaranta?

Manoma da fatake da yawa suna da tsohuwar mota a-kori-kura jibge a bayan gida, ko a gindin wata bishiya, kaji na ƙwai a cikinta. Galibi Peugeot ce 404 ko 504, wadda mu ke ce wa Fijo. In ka tambayi mai ita sai ya ce injin lafiya lau, abu guda ne ya lalace aka rasa shi a kasuwa. Ga kaka na zuwa, ga kuɗin hayar mota daga gona zuwa kasuwa yana cinye ribar buhu. Don haka yau za mu duba yadda mutum zai bi ya samo kayan gyaran irin wannan mota, ba tare da ya zubar da kuɗinsa ko ya jefa ran mutane cikin hatsari ba.

Abin da ya sa kayan suka yi wuya

An fara ƙera 404 a Faransa cikin 1960, 504 kuwa cikin 1968. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, shi ya sa suka cika ƙasar nan har kowane makanike na ƙauye ya san cikinsu. To, amma an daɗe da daina yinsu. Kenya ce ta ƙarshe wajen harhaɗa 404, ta tsaya a 1991. Ajantina ta bar 504 a 1999, Nijeriya kuwa ta ci gaba da ita har bayan shekara ta 2000 kafin ta bari. Da mota ta bar masana'anta sai kayanta su riƙa raguwa a kantuna kowace shekara. Abin da ya rage iri uku ne: tsohon kaya sabo ful wanda ya kwana a sito ba a sayar ba, da wanda aka kwance daga jikin wata mota, da kuma wanda wasu kamfanoni su ke kwaikwayo.

Ka san motarka tukuna

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, buɗe bonet ka kwafe lambar shasi da ke kan ɗan farantin ƙarfe, da lambar da ke jikin injin. Akawun da ke rubuta wa maigidansa takardar oda, shi ma ya sa lambobin nan a ciki. Dalili kuwa shi ne suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Injin fetur na 404 girmansa cc 1,618 ne, na 504 akwai mai 1,796 akwai mai 1,971, ga kuma masu shan gas. Motar da ta shekara 40 a hannun mutane, mai yiwuwa ne an riga an sauya mata injin, watau jiki na wata, zuciya ta wata.

Akwai kuma maganar sitiyari. Sai a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, Gana ta biyo baya a 1974. Motocin da aka shigo da su kafin nan sitiyarinsu yana dama, haka ma na Kenya. Kayan sitiyarin waɗannan ba za su hau motar Kaduna ba. Sa'an nan a-kori-kura tana zaune ne a kan sifirin mai falle-falle a baya, ƙaramar motar shiga kuwa nata naɗaɗɗe ne. Kada wani ya ce maka ai duk Fijo ce.

Inda a ke nema

Fara da kusa. Tsofaffin makanikai da direbobin tasha sun san gidan da wata ta mutu, kuma sau da yawa sayen matacciyar mota sukutum ya fi sayen kaya ɗai-ɗai sauƙi, don za ka daɗe kana ciro abin da ka ke bukata. In ba a dace ba, sai manyan kasuwanni: Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Ikko, da kasuwar Nkwo ta Nnewi. Mutanen Nijar suna da Katako a Yamai, na Gana suna da Suame a Kumasi. Fataken da ke bin waɗannan hanyoyi za su iya yi maka cigiya, amma ka ba su tsohon abin da ya lalace su tafi da shi a gwada, ko kuwa a aiko maka da hoto ta waya an ɗora ma'auni a kai. Gani ya kori ji.

Wasu kayan injin 505 mai cc 1,971 suna hawa 504, domin asalin injin ɗaya ne, amma sai makanike ya auna ya tabbatar. Ƙananan abubuwa masu wuya, irin su gilashin fitilar baya, da agogon gudu, da hannun ƙofa, da tambarin zaki, a kan same su ta intanet wurin masu tara tsofaffin motoci a Faransa. A garin Sosho, inda babbar masana'antar Peugeot ta ke, akwai gidan ajiye tsofaffin motocinsu da aka buɗe a 1988, ƙungiyar da ke riƙe da shi kuma tana sayar da kayan wasu tsofaffin samfura. Sai dai ka haɗa kuɗin aikowa da na kwastan kafin ka ce ka saya. Manomi kuwa ya tuna, tambari ba ya ɗaukar buhu. A fara da abin da zai sa mota ta tashi ta kuma tsaya, ado ya biyo baya in kuɗi sun ragu.

Wanda za a saya tsoho, da wanda ba za a saya ba

Ƙarfe mai kauri ba ya tsufa da wuri. Giyabos, da ƙofa, da bamba, da aksul, da kaburato irin na Solex, duk ana iya sayensu na hannu in an duba da kyau. Kan injin motocin nan na alminiyom ne, yana lanƙwashewa in mota ta taɓa yin zafi ƙwarai. Ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ka duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi, ka kuma nemi tsaga tsakanin ramuka. Lagireto a cika shi da ruwa a gabanka. Wani alherin injin nan shi ne bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsu ana zare su a sa sababbi, don haka ba lalle ne a yar da injin dungum don ya fara hayaƙi ba.

Amma fa duk abin da ya ke roba ne, ko ya shafi birki, kada ka saye shi tsoho ko da kyauta aka ba ka. Robar birki da tiyon birki da fanbel da taya suna bushewa su tsattsage ko ba a yi aiki da su ba, balle a zafin ƙasarmu. Har wanda ya kwana shekara 20 a kwalinsa abin tsoro ne. Mota ɗauke da buhu 10 da 'yan kasuwa a bisa kaya, in birki ya ƙwace a gangara, ba asarar hatsi kaɗai za a yi ba. Haka kuma kada a yarda mai walda ya ɗinke sandar sitiyari da ta karye. Maƙera da masu sassaƙa ƙarfe da inji suna iya yi maka bushin, da maƙalai, da ƙafar bodi, har su fi na kanti ƙarfi, amma nan aikinsu ya tsaya.

Kayan kwaikwayo kuwa akwai nagari akwai na banza, kwalinsu duk iri ɗaya. Ɗauki sabon a hannu guda, tsohon a ɗayan, ka ji nauyi, ka dubi ramukan noti ko sun yi daidai. Araha ba ta ado. Ka karɓi rasit mai sunan kanti, ka kuma yi sharaɗi gaban shaida cewa in bai hau ba za ka mayar. Injin da aka goge lambarsa, ka bar shi inda ka gan shi, kada ka sayi ƙarfe ka haɗa da shari'a.

Lissafi kafin a kwance noti

Zauna da makanike ku rubuta duk abin da motar ke bukata da kuɗinsa, sa'an nan ka gwada da abin da ka ke biya na haya a shekara. In shasi ya ruɓe da tsatsa, haƙura, sayar da ita ga mai neman kaya, kai ma ka taimaki wani. In kuwa shasi da injin suna da sauran ƙarfi, gyara ta, gama da tsohuwar zuma a ke magani. Maƙwabta biyu ko uku masu mota iri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi matacciya guda su ajiye. Kuma a fara cigiya tun hatsi na gona, don ba a fafe gora ranar tafiya.