Me ya sa tashoshin gajeren zango ke sauya mita sau biyu a shekara?

Sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, masu saurare a Dogondutsi, Tibiri, Matankari ko Gesheme sukan kunna rediyo su iske tashar da suka saba ji ta ɓace, sai shuu kawai. Wasu su sayi sabon batir, wasu su nufi wurin mai gyara. Alhali rediyon lafiyarsa lau: tashar ce ta koma wata mita.

Dalilin yana can sama. Muryar FM ba ta nisa, dutse ma yakan tare ta. Ita kuwa ta gajeren zango, sai ta haura ta bugi wani rufin iska da hasken rana ke cazawa, kana ta faɗo ƙasa a nisan dubban kilomita. Haka muryar da ta taso daga Issoudun ta Faransa ko tsibirin Ascension ke sauka cikin Dallol Mawri. Ƙarfin wannan rufi yana sauyawa tsakanin dare da rana, tsakanin yanayin shekara, kuma yana bin zagayen ayyukan rana na kusan shekara 11.

Shi ya sa dokokin Ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, suka raba shekara gida biyu: zangon A daga Lahadin ƙarshe ta Maris, zangon B daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Kafin kowane zango, gidajen rediyo kan zauna ƙarƙashin HFCC, wadda ta soma aiki a 1990, su daidaita mitoci don kada wata tasha ta danne wata.

Lamarin ba ƙarami ba ne a karkarar Arewa, inda intanet ke da tsada. Lokacin da hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a Agustan 2023, da BBC na wata uku a Disamban 2024, FM ɗinsu aka rufe. Masu rediyon gajeren zango suka ci gaba da laluben muryoyin daga nesa.

Ga abin riƙewa: da rana, a nema a mita 16 ko 19, da asuba da dare, a mita 31, 41 ko 49. A miƙe eriya, a nisanci cajar salula, a juya a hankali. Tashoshi kan sanar da sabbin mitoci kafin ranar sauyi, don haka a tanadi biro kusa da rediyo.