Shayin Madara Mai Kayan Ƙamshi: A Tukunya Ake Haɗa Shi

A yawancin gidajenmu, a kofi ake haɗa shayi. A tafasa ruwa a ɗura a filas, kowa ya jefa Lipton ɗinsa, ya zuba madara da sukari ya juya. In mura ta kama mutum sai ya barbaɗa garin citta a kai, ya sha yana yamutsa fuska, garin yana maƙale masa a wuya. Daga nan ne wanda ya taɓa kurɓar shayin Indiyawa, ko karak ɗin da ake sayarwa a Dubai da Doha, yake komawa gida ya tara duk kayan da aka lissafa masa, ya haɗa, ya ji bai yi kama da wancan ba ko kusa. Kayan ba su da laifi. Wancan shayin dafa shi ake yi kamar miya, kuma kowane abu da lokacin da yake shiga tukunya.

Indiyawa na kiransa masala cai. Masala na nufin haɗin kayan ƙamshi, cai kuwa shi ne shayi, kuma da kalmarsu da tamu duk jikokin kalmar Sinawa ce, ca, sai dai tamu ta biyo ta bakin Larabawa. Ganin yadda ba a rasa mai shayi a tashar jirgin ƙasa a fina-finansu, mutum zai ɗauka tun kaka da kakanni suke shan sa. Ba haka ba ne. A 1823 wani Bature ɗan Sikotilan, Robert Bruce, ya sami labarin itacen shayi da ke tsirowa a yankin Assam daga mutanen Singpho, waɗanda suka daɗe suna amfani da ganyensa. A 1839 aka kafa Kamfanin Assam, aka buɗe manyan gonaki, amma ganyen Ingila ake kai shi, talakan Indiya bai san daɗinsa ba. Sai a farkon ƙarni na 20 ƙungiyar masu gonakin shayi ta ga ga kasuwa a ƙofar gida, ta shiga tallarsa a masana'antu da tashoshin jirgi. Ƙananan masu sayarwa suka karɓa, suka yi masa irin nasu: ganye na da tsada, don haka suka rage shi, suka ƙara madara da sukari da kayan ƙamshin da dama ake dafawa a gida don mura da ciwon ciki. Dabarar mai ƙaramin jari ce ta haifi abin da yau ake sayarwa da tsada a manyan shagunan Landan.

Abin daɗin shi ne, kusan duk kayan suna cikin kicin ɗin Bahaushiya. Citta, kanumfari da masoro su ne na kunu da fura da yajin mai jego. Kirfa tana wajen masu kayan ƙamshi a kowace babbar kasuwa. Baƙo ɗaya ne a cikinsu, wato kadamon, ɗan koren kwanso mai baƙaƙen 'ya'ya da Larabawa ke kira hel, wanda alhazai suka san ƙamshinsa a gahawar Makka da Madina. Yana da tsada, amma uku ko huɗu sun ishi kofi biyu, kuma shi ne ke ba shayin ƙamshin da ake gane shi da shi. Masoronmu ɗan uwan baƙin barkonon Indiya ne, yana maye gurbinsa lafiya lau, har ma ya fi shi ƙamshi a hancina. Kimba ce dai nake ja da baya da ita. A kunu sarauniya ce, amma a cikin madara ɗacinta na fitowa fili, ta danne kowa.

A sayi kayan da ba a niƙa ba. Ƙamshinsu wani mai ne da ke ɓoye cikin ƙwayar, da zarar an niƙa ya fara bin iska, shi ya sa garin da ya yi wata uku a leda yake zama kamar ƙura. A ɗan daddaka su a turmi lokacin da za a dafa, a fasa kawai, kada a mai da su gari.

Ga yadda ake yi wa mutum biyu. A zuba ruwa kofi ɗaya da rabi a ƙaramar tukunya mai ɗan zurfi. A daka ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar babban yatsa, a jefa, tare da kadamon huɗu, kanumfari biyu, masoro uku ko huɗu, da guntun kirfa. A bar su su tafasa kamar minti 5, har ruwan ya sauya launi, ƙamshi ya cika ɗaki. Kanumfari biyun nan kada a raina su. Man da ke cikinsa shi ne ke kashe zafin ciwon haƙori in an tauna, kuma in ya yi yawa a shayi haka zai kashe harshe, a daina jin komai sai shi.

Dalilin fara dafa citta a ruwa kafin a zuba madara ya wuce neman yaji. Ɗanyar citta na ɗauke da wani sinadari mai narka furotin, wanda in ya haɗu da madara mai ɗumi sai ya tsinka ta, ta yi gudaji-gudaji. A kudancin ƙasar Sin har wani abin zaƙi suke yi da gangan ta wannan hanya, su zuba madara mai zafi a kan ruwan citta ta daskare. Tafasa na kashe sinadarin. Saboda haka uwargidan da ta jefa citta bayan ta zuba madara, ta ga shayinta ya kece, ta ɗora wa mai kanti laifin sayar mata da tsohuwar madara, ta nemi gafararsa. Busasshiyar citta ba ta cika yin wannan ɓarna ba, sai dai yajinta ya fi kaifi, don haka rabin adadin ya isa. Lemun tsami kuwa ba shi da wuri a nan sam, shi da madara ba sa ga maciji.

Bayan kayan ƙamshi sai ganye, ƙaramin cokali biyu a cike. Ganyen da ya dace shi ne baƙi mai ƙananan ƙwayoyi, wanda inji ya murƙushe, ya yayyaga, ya dunƙule. Wani Bature mai suna William McKercher ne ya ƙirƙiro wannan injin a Assam wajen 1930, kuma yaɗuwarsa daga baya ita ta sa ganye ya yi araha har shayi ya shiga kowane gida a Indiya. Irin wannan ganyen yana sakin launi da ƙarfinsa nan da nan, madara ba ta iya shafe shi. Mafi yawan baƙin shayin Kenya haka ake sarrafa shi. Wanda ba shi da na awo, ya yaga 'yan jakunkunan shayi uku ya juye, ko Lipton ne ko Highland ɗin da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Koren shayin da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi, a sha zubi uku, wannan wata duniya ce daban, ba ya son madara.

Minti 2 sun ishi ganye a cikin ruwa. In ya wuce haka bauri zai fito, irin wanda ke ɗaure baki kamar an ci ɗanyen goro. Nan ne madara ke shigowa, kofi ɗaya, kuma aikinta ya fi gyaran launi. Furotin ɗinta na kama sinadarin baurin ya rage masa kaifi, maiƙonta kuma na riƙe man kayan ƙamshin, shi ya sa madarar da aka cire wa mai take ba da shayi lami. In ta gari ce, a dama babban cokali uku a kofin ruwan ɗumi tukuna, kada a zuba garin kai-tsaye. In ta gwangwani ce, a ƙara ruwan farko ya kai kofi biyu, a zuba rabin ƙaramin gwangwani. Wannan shi ne salon karak, wanda ma'aikata 'yan Indiya da Pakistan suka yaɗa a ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha. In kuma sabuwar tatsa ce daga ruga, to ta fi kowacce gardi, amma a tabbata ta tafasa sosai, domin ɗanyar madara na iya ɗauko cutar bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum.

Daga nan ba a barin bakin murhu. Madara ba ta da alƙawari: kana juya baya ta taso ta kashe wuta. A tsaya, in ta kumburo ta kusa baki a ɗaga tukunyar ko a rage wuta, ta kwanta, a sake mayarwa. Sau biyu ko uku, cikin minti 3 zuwa 4, za a ga launin ya tashi daga fari-fari ya koma kamar jar ƙasar gini. A ɗebo da ludayi a zubo daga sama sau da yawa, irin yadda mai shayin bakin titi ke yi da kofuna biyu kamar mai shiƙar gero. Ba burga ba ce kawai, yana haɗe shayin, ya sa masa kumfa, ya rage zafin. Sai a tace da rariya a sha nan take. In ya daɗe a filas ƙamshin kadamon ne ke fara guduwa, a bar ka da yajin citta tsagwaronsa.

Sukari a tukunya ya fi kyau a zuba shi, tare da madara, kuma gaskiya shayin nan na son ɗan zaƙi, don shi ke fito da ɗanɗanon kayan. Matsalar tana ga "ɗan". Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kamar giram 50 ga baligi, ƙaramin cokali 12 ke nan, ta kuma ce rabin hakan ya fi. Wanda ke zuba cokali huɗu a kofi, ya sha safe da yamma da dare, ya cinye rabonsa kaf tun bai taɓa lemon kwalba ba. Cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar, kuma kirfa na taimakawa, domin tana da nata zaƙin a hanci.

Akwai abu biyu da ya kamata mata masu juna biyu su sani. Sinadarin baurin nan na hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikin wake da ganyaye da hatsi, wanda jiki ke gina jini da shi, don haka mai fama da ƙarancin jini ta raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, kada kuma ta kora ƙwayar ƙarin jinin asibiti da shi. Sannan shayi na da kafin, sinadarin da ke hana barci, ko da bai kai na gahawa ba, kuma wanda aka dafa ya fi wanda aka jiƙa ƙarfi. Kofi ɗaya ko biyu a yini ba laifi. Masu tallar cewa wannan haɗi yana narkar da teɓa ko yana wanke jini, su dai suka san inda suka samo. Abin da aka tabbatar kaɗan ne: citta na rage tashin zuciya, abu mai zafi kuma na sanyaya maƙogwaron mai mura.

Ma'aunin da na bayar mafari ne kawai. A Indiya ma babu gida biyu da ke dafa shi iri ɗaya. Wasu citta da kadamon kaɗai suke sawa, mutanen Gujarat na son ƙara na'ana'a da ciyawa mai ƙamshin lemo, a Adan ta Yaman kuma kadamon da kanumfari ne ke gaba. Da hunturu nakan ninka citta in ƙara masoro. Da bazara, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi, nakan cire su duka biyun in bar kadamon shi kaɗai da ɗan guntun kirfa, kuma yaran gida wannan suka fi so.