Yadda Littafin Haraji Ya Raba Gudummawar Annoba A Ingila

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu duba abin da ya faru a Ingila cikin shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe kasuwanni da kantuna. Gwamnatin ƙasar ta fid da kuɗi masu yawa don a taimaki ƙananan masu sana'a da ƙungiyoyin taimakon jama'a, ta kuwa danƙa rabon a hannun majalisun gundumomi, watau ƙananan hukumomi, kamar dai En'e ɗinmu ta zamanin da. Wanda sunansa ke cikin littafin majalisa ya sami rabonsa da wuri. Wanda babu sunansa kuwa ya sha jira, wani ma har aka gama bai sami kome ba. Akwai abin da manomi da ɗan kasuwa da akawu kowa zai tsinta a cikin labarin.

Yadda aka shirya rabon

Ran 11 ga Maris, 2020 ne Ministan Kuɗi, Rishi Sunak, ya karanta kasafin kuɗin shekara, ya ce za a ba kowane ƙaramin mai sana'a da a ke yi wa rangwamen harajin wurin sana'a Fam 3,000. Kwana shida bayan haka, da aka ga cutar tana ta yaɗuwa, sai ya ƙara kuɗin zuwa Fam 10,000. Ran 20 ga watan aka ce gidajen abinci da na shan shayi da mashaya duk su rufe. Ran 23 kuma Firayim Minista Boris Johnson ya ba da umurni kowa ya zauna gida, a rufe dukan kantunan da ba na abinci ko magani ko wani abin larura ba.

To, ga kuɗi an fitar, amma yaya za a san wanda za a ba? Babu lokacin da za a bi gari gari ana ƙidaya, ga shi kuwa akawunan kansu an ce su zauna gida. Sai aka duba littafin da ke hannu. A Ingila kowane kanti da ofis da ma'aikata akwai harajin wurin sana'a a kansa. Ma'aikatan Gwamnati su ke yanka wa wurin ƙima, watau abin da za a biya haya a shekara in da haya aka ba da shi, majalisar gunduma kuwa ita ke karɓar harajin, ita ke riƙe da littafin. Saboda haka aka ce duk wanda sunansa ke ciki ran 11 ga Maris, shi za a duba.

An kasa su kashi biyu. Na fari su ne ƙananan wuraren da ƙimarsu ba ta kai Fam 15,000 ba, waɗanda da ma ana yi musu rangwamen haraji, tare da irin kantin nan ko gidan waya da shi kaɗai ne a ƙauyen da mutanensa ba su kai 3,000 ba. Waɗannan kowa Fam 10,000. Na biyu su ne kantuna da gidajen abinci da masaukan baƙi da wuraren wasa. In ƙimar wurin ba ta wuce Fam 15,000 ba, a ba shi Fam 10,000, in kuwa ta wuce haka amma ba ta kai Fam 51,000 ba, a ba shi Fam 25,000. Wannan kuɗi kyauta ne, ba rance ba, ba wanda aka ce ya mayar, sai dai ana lissafa shi cikin abin da mutum ya samu a shekara wajen yanka haraji. An ware wa waɗannan kashi biyu fiye da Fam biliyan 12, aka rarraba wa majalisu 314, suka soma biya tun farkon Afrilu.

Waɗanda littafi bai san da su ba

Ba a daɗe ba sai kuka ya tashi. Mai kasa kaya a kasuwa, wanda ke biyan kuɗin rumfa ga mai kasuwa, ba shi da suna cikin littafin harajin wurin sana'a, ko da kuwa ya shekara talatin a rumfar nan. Wanda ya kama ɗaki ɗaya a babban gini, mai ginin ke biyan haraji a dunƙule, shi ma babu sunansa. Matar da ke saukar da baƙi a ɗaki biyu na gidanta harajin gida ta ke biya, littafinsa kuwa dabam ne.

Ƙananan ƙungiyoyin taimakon jama'a su ma sun faɗa wani rami. Doka ta yafe musu kashi 80 cikin 100 na harajin wurinsu don aikin alherin da su ke yi. Da ya ke ta wannan ƙofa a ke yi musu rangwame, ba ta ƙofar ƙananan 'yan kasuwa ba, sai ba su shiga kashi na fari ba. Wadda ke da kantin sayar da tsofaffin tufafi da littattafai ta samu ta kashi na biyu, haka kuma ɗakunan taron ƙauyuka da yawa. Amma wadda ofis kaɗai gare ta, tana kai wa tsofaffi abinci ko tana ba matalauta shawara, ta tashi hannu wofi, ga shi kuwa lokacin ne aka fi bukatarta.

Ina manomi a nan?

Tun shekarar 1929 doka ta ɗauke wa gonaki da rumbuna da garken dabbobi harajin wurin sana'a a Ingila. Wannan sauƙi ne da manoman ƙasar suka daɗe suna cin moriyarsa. Amma da ranar rabo ta zo, wanda ba ya cikin littafi ba a kira sunansa ba. Manomin da ya buɗe kanti a bakin gonarsa, ko ya gyara ɗakuna yana ba baƙi haya, wannan sashe na aikinsa yana cikin littafi, ya kuwa samu. Wanda ba shi da kome sai noma da kiwo bai samu ta wannan hanya ba.

Wani zai ce, ai ba a hana noma ba, mutane kuma ba su daina cin abinci ba. Gaskiya ne. Amma manomi ba ya sayar wa "mutane", wani mutum ɗaya ya ke sayar wa, shi kuma ya kai wani wuri. Masu shanun da madararsu ke zuwa gidajen shayi da masaukan baƙi, rana ɗaya aka rufe musu kasuwa. Saniya kuwa ba ta san an rufe gari ba, safe da yamma sai an tatse ta. Cikin Afrilu har waɗansu suka zubar da madara don motar da ke ɗauka ba ta zo ba. Masu noman dankalin da a ke soyawa a gidajen abinci su ma kayansu ya yi kwantai a rumbu. Kasuwannin dabbobi ba a rufe su ba, amma an ce mai sayarwa ya sauke dabbobinsa ya koma gida, kada ya tsaya wajen ciniki.

Sai cikin Mayu Ma'aikatar Gona ta ba da sanarwar taimako dabam don masu madara, aka soma karɓar takardunsu cikin Yuni. Wanda kuɗin madararsa ya faɗi da kashi 25 cikin 100 ko fiye, za a mayar masa da kashi 70 cikin 100 na hasarar Afrilu da Mayu, amma ba zai wuce Fam 10,000 ba. A nan ma sai mutum ya kawo takardun cinikinsa, a gwada farashin da da na bayan rufewa. Haka kuma taimakon da Gwamnati ta yi wa masu zaman kansu, har da manoma, an auna shi ne bisa takardun harajin da mutum ya cika a shekarun baya. Wanda bai daɗe da soma sana'a ba, ba shi da takardar da zai nuna, an bar shi a baya.

An ba majalisa wuƙa da nama

Da kuka ya yi yawa, farkon Mayu sai Gwamnati ta ƙara Fam miliyan 617, watau kashi 5 cikin 100 bisa na farko, ta ce kowace majalisa ta raba yadda ta ga ya dace da ƙasarta. An ce a fara duba 'yan kasuwar da ke da rumfa kullum, da masu ɗaki a ginin tarayya, da masu saukar da baƙi a gida, da ƙananan ƙungiyoyin taimako. Sharaɗi shi ne ma'aikatan wurin ba su kai 50 ba, yana aiki ran 11 ga Maris, yana da haya ko wani kuɗin wuri da ke kansa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, cinikinsa kuma ya faɗi ƙwarai saboda cutar. Majalisa tana iya ba da Fam 25,000, ko 10,000, ko abin da ya kasa haka.

Wannan dabara ta yi amfani, gama majalisa ta san kasuwar garinta fiye da wanda ke zaune a London. Amma kuɗin kaɗan ne, masu nema da yawa. Wata majalisa ta ba mutane kaɗan kuɗi mai kauri, wata ta gutsuttsura don ya isa ga kowa, har ya zama mutum biyu masu sana'a iri ɗaya, kan iyaka kawai ta raba su, rabonsu ya bambanta. Sa'an nan a wannan karo ba a aika wa kowa ba, sai mutum ya nema, ya kawo takardar haya da lissafin banki. An daina karɓar takardu ƙarshen Agusta. Da aka sake rufe ƙasar ran 5 ga Nuwamba, aka sake ba majalisu irin wannan kuɗi na ganin dama, Fam 20 a kan kowane mutum da ke zaune a gundumar.

Sauri ya haifi nawa

Cikin Maris 2023 ofishin babban mai binciken kuɗin Gwamnati ya fid da rahoto. Daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 majalisu sun biya Fam biliyan 22.6 ta shirye-shirye takwas. An ƙiyasta wajen Fam biliyan 1.1 sun tafi ga waɗanda bai kamata a ba su ba, wani da kuskure, wani da zamba, kashi 90 cikin 100 na wannan hasara kuwa a rabon farko ne. Har zuwa Fabrairun 2023, Fam miliyan 11.4 kaɗai aka iya karɓowa.

Dalili ɗaya shi ne an matsa wa majalisu su biya da gaggawa, ba a tilasta musu bincike kafin biya ba. Na biyu yana cikin littafin kansa. Wurin da ƙimarsa ba ta wuce Fam 12,000 ba, da ma ba ya biyan ko kwabo. Tun da babu kuɗin karɓa, wani kanti ya canja hannu amma tsohon suna na nan, majalisa kuwa ba ta da lambar bankin mai wurin. Littafin da aka rubuta don karɓar haraji shi aka juya a ke rabo da shi, duk inda ya tsufa kuwa nan kuɗi suka zube.

Abin da ya shafe mu

Mu ma cutar nan ta taɓa mu. An rufe Kano cikin Afrilu 2020, azumi ya zo ya tarar da kasuwanni a kulle, masu kayan lambu sun san abin da suka gani. Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 75 don ƙananan masu sana'a, aka ba masu aikin hannu da direbobi Naira 30,000 kowane, kamfanin da ke son a taya shi biyan albashi kuwa sai yana da rajista. Cikin Disamba 2020 Bankin Duniya ya yarda da Dala miliyan 750 don jihohi, rabon manoma ya bi ta shirin Fadama, wanda da ƙungiyoyi ya ke aiki. Ko can ko nan, takarda aka fara tambaya.

Saboda haka, manomi, shiga jam'iyyar gama kai ta garinku, ka tabbata tana da rajista, sunanka da girman gonarka suna ciki. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta buhu nawa ka samu, nawa ka sayar, wa ka sayar wa, a kan nawa. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka na makaranta ya iya, da boko ko da ajami. Kada kuma ka rataya dukan amfaninka a wuyan mai saye ɗaya.

Ɗan kasuwa, in ka biya kuɗin rumfa karɓi rasit da sunanka, ba da sunan wanda ya sayar maka da rumfar shekara goma da suka wuce ba, ka adana shi inda gara ba ta kaiwa. Shugabannin ƙungiyoyin taimako su yi rajista, su buɗe ajiya a banki da sa hannun mutum biyu, su riƙa karanta wa jama'arsu lissafi kowace shekara.

Kai kuma malam akawu, nauyinka ya fi na kowa. Bi littafinka ko da sau ɗaya a shekara, ka soke wanda ya rasu ko ya yi ƙaura, ka shigar da sabon zuwa, har da wanda ba a karɓar kome a hannunsa. Ran da masifa ta zo ba za a sami sukunin gyara ba, abin da ka rubuta da shi za a yi rabo.

Allah ya kiyashe mu da sake ganin annoba, ya ba mu damina mai albarka, amin.